Yadda A Ke Hana Kare Kwance Ɗaurin Raunin Ƙafa

Wanda duk ya san ƙasar Faru, da ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ya san kare ma'aikaci ne a wurin mutanen nan. Shi ke tsaron gida da dare, shi ke bin makiyayi bayan dabbobi, shi ke korar birai daga gona, da rani kuma da shi a ke fita farauta. A shekarun nan da ɓarayin daji suka addabi ƙasar Zamfara, sau da yawa haushinsa shi ne labari na farko da mutanen gida ke samu cewa akwai baƙon ido a bayan danga. Addini ma bai hana ajiye kare don farauta ko tsaron dabbobi da gona ba, kuma hadisi ya nuna akwai lada ga wanda ya ji tausayinsa.

To, dabbar da ke wannan aiki da ƙafa ta ke yinsa, ƙafar kuwa ita ce ta fi samun rauni. Ƙayar aduwa ta kan shige ta, kututturen karan dawa da aka sare ya kan tsaga ta, ga fasasshiyar kwalba da gefen kwano a juji, ga tarkon maharba, ga ƙayar beguwa, ga babur a kan hanya. Mai kare ya kan yi iyakar ƙoƙarinsa, ya wanke, ya sa magani, ya ɗaure. Kafin gari ya waye sai ya tarar da ƙyallen a yashe, karen na kwance yana lasar mikin. Ya sāke ɗaurewa, a sāke kwancewa, har ya gaji ya ce kare ba ya jin magani. Darasin nan a kan wannan matsala ya ke, domin yawancinmu za mu zauna a garuruwan da likitan dabbobi ke da nisa, kuma malamin makaranta shi a kan fara tambaya.

Shin lasa magani ce?

Mutane da yawa su kan ce a bar kare da mikinsa, harshensa shi ne likitansa. Akwai ɗan kamshin gaskiya a cikin maganar. A cikin 1922 wani likita mutumin Sikotlan, Alexander Fleming, ya bayyana wani sinadari da ke cikin hawaye da miyau wanda ke narkar da waɗansu ƙwayoyin cuta, kuma miyan kare yana ɗauke da shi. Har wa yau lasar farko ta kan share ƙasa da ƙazanta daga sabon rauni. Ga naman daji wanda ba shi da mai wanke masa, wannan ya fi babu.

Amma fa amfanin lasa daga nan ya tsaya. Bakin kare cike ya ke da ƙwayoyin cuta iri iri, waɗanda su ne ke sa cizonsa ya ruɓe a jikin mutum. Bayan wannan, miki yana warkewa ne ta wurin tsirowar sabon nama mai laushi, ja, wanda fata ke bi ta rufe daga gefe zuwa tsakiya. Harshe ya kan kankare wannan sabon nama ko wace rana, ya bar wurin a jiƙe, sai aikin jiya ya koma baya. In an yi ɗinki, haƙora su kan tsinke zaren cikin ɗan lokaci kaɗan. Karen da ya saba da lasar wuri ɗaya ya kan mai da ƙaramin rauni ya zama gyambo mai kauri wanda zai yi watanni bai rufe ba. Miki buɗaɗɗe kuma, musamman da damina, ƙuda ya kan yi masa ƙwai, ya yi tsutsa. Akwai kuma wani hatsari na dabam: in kare ya haɗiye guntun bandeji, yana iya toshe masa hanji, wannan kuwa sai an fede ciki.

Saboda haka rufe rauni wajibi ne, kuma hana baki kaiwa gare shi wajibi ne.

Dalilin da ya sa kare ke kwance ɗauri

Kafin a nemi dabarar hana shi, sai a san abin da ke tura shi. Kare ba ya yi don taurin kai. Ba shi da bakin gaya maka abin da ke damunsa, saboda haka cizon ƙyallen shi ne ƙararsa. Dalilan su kan zama biyar:

1. Ɗaurin ya matse. Jini ba ya gudu, ƙafa ta kumbura, tana zugi.
2. Ɗaurin ya yi sako-sako. Yana zamewa, yana goge mikin, ko kuwa wani bakin ƙyalle yana reto yana kiran haƙori.
3. Ɗaurin ya jiƙe. Danshi ya kan sa fata ta yi laushi, ta yi ƙaiƙayi, ta yi wari.
4. Mikin ya ruɓe, ko an bar ƙaya ko tsakuwa a ciki.
5. Zaman banza. Karen da ya saba yawo, in aka ɗaure shi shi kaɗai, ba shi da abin yi sai ƙafarsa.

Ga wata ƙa'ida da ya kamata ko wane ɗalibi ya haddace. In kare ya kwana biyu bai damu da ɗaurinsa ba, rana ɗaya kuma ya tasam masa da cizo, kada a ƙara ɗaurewa a kai, kada a tsawata masa. A kwance a duba, lalle wani abu ya ɓaci a ciki. Duka kuwa ba ya hana komi, sai dai ya koya wa kare ya ɓuya bayan rumbu ya yi abin da ya ke so, ya kuma sa ya ƙi yarda a taɓa ƙafar gobe.

Ɗauri mai kyau shi ne rabin aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka a sami mutum biyu, ɗayansu wanda karen ya sani. Ko wane kare, komi sabonsa da kai, yana iya cizo in ya ji zafi. Sai a yi masa takunkumi na ɗan lokaci da ƙyalle mai faɗi: a zagaya bakin, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a kai bakunan ƙyallen bayan kunnuwa a ɗaure. A kwantar da shi a kan tabarma, ƙafar mai rauni tana sama.

A rage gashin da ke kewaye da mikin da almakashi. A wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, wanda aka zuba wa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a cikin rabin lita. A zuba ruwan da yawa har ƙasa da ƙaya su fita. Kada a sa baƙin man mota, ko kananzir, ko toka, ko barkono, ko kashin shanu. Waɗannan duka suna ƙona nama ko su shigar da cuta, kuma zafinsu shi ke sa kare ya haukace wa ɗaurin. In babu maganin miki na asibiti, zuma mai tsabta tana yi, likitoci ma suna amfani da ita.

Ɗaurin kansa hawa uku ne. Na farko, ƙyalle mai tsabta wanda zai taɓa mikin, irin mai raga-raga na kantin magani, ko farin ƙyalle da aka tafasa aka shanya. Kada a ɗora auduga kai tsaye a kan miki, domin zarenta ya kan manne. Na biyu, auduga mai kauri a kewaye ƙafar duka, a kuma cusa 'yar kaɗan tsakanin yatsu, da ƙarƙashin ƙaramin farcen nan da ke gefen ƙafa daga ciki, don kada ya huda fata. Wannan hawa shi mutane suka fi mantawa, alhali kuwa shi ke raba matsi daidai, ya tsotse ruwan miki. Na uku, bandeji na waje.

A fara naɗi daga yatsu a yi sama, ko da raunin yana can tsakiyar ƙafa. In aka ɗaure tsakiya kaɗai, abin da ke ƙasa zai kumbura kamar an shaƙe shi. Ko wane zagaye ya rufe rabin wanda ya gabace shi, a ci gaba har a wuce gaɓar da ke saman raunin. A bar kan yatsu biyu na tsakiya a waje, su ne za su riƙa ba da labarin abin da ke ciki.

Ƙafar kare tana da kauri daga sama, siririya daga ƙasa, shi ya sa ɗauri ke sulɓewa kamar safa. Dabarar likitocin dabbobi ita ce wannan: tun kafin a fara naɗi, a manna filasta biyu dogaye a jikin gashin ƙafar, ɗaya ta ko wane gefe, a bar bakunansu su zarce yatsu da misalin tsawon tafin hannu. Bayan an naɗe auduga, sai a juyo da bakunan nan sama, a manna su a jikin naɗin, sa'an nan a rufe da bandeji na waje. Da haka ɗaurin ya kama gashi, ba ya zamewa ko da ba a matse shi ba. A rufe ƙarshen bandeji da filasta, kada a bar ƙulli ko bakin zare. Kada kuma a kuskura a riƙe ɗauri da roba, ko waya, ko igiya. Roba ta kan nutse cikin gashi a manta da ita, ta yanke jini, ƙafa ta mutu.

In an gama, a gwada cusa yatsu biyu a bakin ɗaurin daga sama. In sun shiga ba da wahala ba, ya yi daidai. Sa'an nan a cire takunkumin nan da nan.

Kada a bar kare da takunkumi

Wani zai ce, tun da baki ne ke ɓarna, me zai hana a bar shi a ɗaure? Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Kare ba ya zufa a jikinsa kamar mutum ko doki, sai 'yar kaɗan a tafin ƙafa. Da haki ya ke fitar da zafi, watau ya buɗe baki ya zaro harshe. A ƙasar Mafara, cikin watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi ya kan wuce digiri 40. Karen da aka ɗaure wa baki a irin wannan rana yana iya mutuwa kafin la'asar, ga shi ba ya iya shan ruwa, in kuma amai ya zo masa sai ya shaƙe. Takunkumin ƙyalle na lokacin wanki ne kaɗai.

Mazurarin wuya

Abin da ya fi ko wace dabara aiki shi ne a sa wa kare wani abu a wuya mai siffar mazurari, faɗinsa yana duban gaba, ya kewaye kai. Yana iya haki, ya ci, ya sha, ya yi haushi, amma bakinsa ba ya isa ƙafa. Turawa suna kiransa da sunan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, domin ya yi kama da faffaɗan wuyan rigar da manyan mutane ke sawa a zamaninta. A Amurka wani mutum, Frank Johnson, ya sami takardar mallakar irin na roba a cikin 1962. A manyan birane a kan same shi a wurin likitocin dabbobi, amma mutumin Faru ba ya bukatar ya je ko ina, domin yana iya yin nasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce tsohon bokitin roba marar nauyi. A yanke gindinsa a yi rami daidai shigar kan karen, a goge bakin ramin, a naɗe shi da tsumma don kada ya yanki wuya. A huda ƙananan ramuka huɗu ko shida kewaye da shi, a zura igiya, a ɗaure a jikin wani ƙyalle mai faɗi ko fata da aka sa wa karen a wuya. Ga kwikwiyo, ƙwarya mai zurfi tana yi, sai dai ta kan fashe.

Hanya ta biyu ita ce kwali mai ƙarfi, kuma a nan lissafi zai yi mana amfani. A auna kewayen wuya da zare, a kuma auna daga wuya zuwa kan hanci. Misali, a ce wuya inci 14 ne, daga wuya zuwa hanci kuma inci 8. A zana da'ira wadda faɗinta ya kai kashi biyu cikin uku na kewayen wuya, watau misalin inci 9. Daga bakin wannan da'ira a auna tsawon kai, a ƙara inci 3, ya zama inci 11, a zana babbar da'ira a waje. A yanke abin da ke tsakanin da'irorin nan biyu, amma rabinsa da ɗan ƙari kaɗai a ke bukata. In aka lanƙwasa shi aka haɗa bakunan, sai ga mazurari. A ɗinke da igiya, a naɗe gefen ciki da tsumma.

Abubuwa biyu ke sa mazurari ya yi aiki ko ya kasa. Na ɗaya, lalle bakinsa ya zarce kan hanci da inci ɗaya ko biyu. In ya gaza haka, aikin banza ne, musamman ga ƙafar gaba, wadda kare ke iya turawa cikin mazurarin. Na biyu, a wuya ya bar wurin shigar yatsu biyu: in ya fi haka zai fizge shi, in ya kasa zai shaƙe shi.

Ranar farko kare zai yi ta karo da bango, ya tsaya cik kamar an dasa shi, ya yiwu ma ya ƙi abinci. A nan masu kare da yawa ke karaya, su cire don tausayi, kuma cikin daren nan a ke ɓata aikin mako guda. A yi haƙuri, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu ya kan saba. A ba shi abinci da ruwa a ƙaramin kwano wanda mazurarin zai iya rufewa, a ɗora kwanon a kan dutse ko tubali. In tilas sai an cire don ya ci, a tsaya a kansa, a mayar da zarar ya gama. Da shi zai kwana, domin da dare ne ba mai gani. Ɗinki ya kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin a cire zaren, mazurari kuma ya zauna har ranar. Kada a saki kare mai mazurari ya shiga daji ko cikin 'yan'uwansa, domin ba ya ganin gefe, ba ya kuma iya kare kansa.

Ƙananan dabaru

A kan sa tsohuwar safa ko hannun riga a bisa ɗaurin, a manne bakinta da filasta. Tana kare ƙura, tana kuma jinkirta haƙori, amma ba ta maye gurbin mazurari. Waɗansu su kan shafa abu mai ɗaci, kamar ruwan ɓawon maɗaci, a bayan bandeji. Wani kare ya kan bari, wani kuwa ya lashe abinsa bai damu ba. In za a yi, a shafa kaɗan a waje kawai, kada ya jiƙa ɗaurin.

A ɗaure karen a inuwa, a busasshen wuri, kusa da inda mutanen gida ke zama, a ba shi babban ƙashi wanda ba ya tsagewa ya riƙa gwaguya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a cikin 1978, gonakin shinkafa da magudanan ruwa suka yawaita daga Maradun har Bakura, saboda haka a ƙasar nan ƙafar kare tana iya jiƙewa ko da rani. In za a fita da shi, a sa leda a kan ɗaurin, a cire da an komo, domin in ta daɗe zufar tafin ƙafa za ta jiƙa shi daga ciki. Ɗaurin da ya jiƙe a sāke shi nan take.

Game da zafi, kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac. Suna huda masa ciki, suna lalata ƙoda. Wannan sai abin da likitan dabbobi ya rubuta.

Duba na kullum

Safe da yamma a duba yatsun nan biyu da aka bari a waje, a gwada su da na ɗaya ƙafar. In sun kumbura, ko sun ware daga juna, ko sun yi sanyi, ɗaurin ya matse, a kwance a sāke. A sansana: wari alamar ruɓa ce. Miki mai ruwa a sāke masa ɗauri kullum, mai tsabta kuwa bayan kwana biyu ko uku. In jini ya ƙi tsayawa, ko ana ganin ƙashi ko jijiya, ko ƙafa tana reto, ko mugunya ta yawaita, ko karen ya daina ci, aikin ya fi ƙarfin gida, a nemi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Kashedi a kan haukan kare

In raunin cizo ne na wani kare da ba a sani ba, ko na dila, sai a ƙara hattara. Ciwon haukan kare yana bi ta miyau, kuma ya kan yi makonni ko watanni kafin ya bayyana. Ɗaya daga alamunsa na farko shi ne dabba ta riƙa cizon wurin da aka cije ta da ƙarfi, ko bayan ya warke. Irin wannan kare a tsare shi inda yara ba sa zuwa, kada a taɓa bakinsa ko mikinsa da hannu tsirara, a kai labari ga ma'aikacin dabbobi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira alama, domin in alama ta fito babu magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum misalin 59,000 ko wace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Alhali kuwa tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa mutum allurarsa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta karnuka. Karen da aka yi wa rigakafi ko wace shekara, ya tsare kansa, ya tsare gidan.

Abin yi a aji

Ba a fafe gora ranar tafiya. In mun je makarantunmu, yana da kyau mu sa yara su gwada tun babu rauni. Su naɗe ƙafar kujera da hawa uku, daga ƙasa zuwa sama, malami ya bi yana cusa yatsu biyu yana dubawa. Su auna wuyan tulu, su yanka masa mazurari na takarda bisa lissafin da ya gabata. Sa'an nan a yi musu waɗannan tambayoyi:

1. Don me a ke fara naɗi daga yatsu?
2. Kare ya kwana uku lafiya, yau ya fara cizon ɗaurinsa. Me za ka fara yi?
3. Me ya sa ba a barin takunkumi a bakin kare da rana?
4. Wuyan kare inci 12 ne, daga wuya zuwa hanci inci 7. Nawa ne faɗin ƙaramar da'ira, nawa kuma za a auna daga bakinta zuwa babbar?

Yaron da ya amsa waɗannan ya iya kula da karen gidansu, kuma mafi yawan abin da ya koya game da wanke miki da naɗe shi zai amfane shi ran da ƙanensa ya taka kwalba.